Tsufa da Lafiyar Tsirarun Jinsi a Amurka

Yau dai maganar tsofaffi za mu yi, amma sai mun yi doguwar tafiya kafin mu dawo tsakar gida. Amurka za mu leƙa.

Na san wata za ta ce ina ruwan mai tuƙin tuwo da Amurka. Ki ɗan rage wutar tukunna 'yar uwa, ki matso kusa da akwatin rediyo. Akwai mutane a can da jininmu ɗaya da su, kuma abin da tsufa ke yi musu ya sa likitoci sun zo har Nijeriya neman amsa.

Amurka ƙasa ce ta tarin jinsi. Farar fata 'yan asalin Turai su ne masu rinjaye. Sauran su ake kira tsiraru. A cikinsu akwai baƙar fata, mafi yawansu jikokin bayin da aka kwashe daga Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, su ne kusan mutum ɗaya cikin kowane takwas. Akwai masu jin Sifaniyanci da suka fito daga Meziko da maƙwabtanta, akwai 'yan Asiya, akwai kuma asalin masu ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar a wurin. A shekarar 2022 tsofaffin Amurka masu shekara 65 zuwa sama sun kai kusan miliyan 58, kuma ɗaya cikin huɗu daga waɗannan tsirarun yake.

Ƙasa ɗaya, asibitoci na gani na faɗa, amma tsufan ba iri ɗaya ba ne. Rai dai a hannun Allah yake, wannan babu musu. Sai dai masu ƙididdiga kan tattara shekarun da mutane ke mutuwa su fitar da matsakaici, don a gane inda ciwo ya fi yin ɓarna. A lissafin 2019, farar fata kan kai kusan shekara 79, baƙar fata kuwa kusan 75. Da annobar korona ta zo sai tazarar ta ƙara buɗewa: a 2021 na baƙar fata ya sauko kusan 71, na asalin masu ƙasar ya faɗi zuwa wajen 65. Bayan annobar an farfaɗo, amma tazarar ba ta rufe ba. Fiye da rabin baligan baƙar fata na Amurka suna da hawan jini, kuma yana kama su da wuri. Mutuwar ƙoda, wadda ke kai mutum ga wankin ƙoda, ta ninka ta farar fata fiye da sau uku. Ciwon mantuwa na tsufa, wanda mu kan ce gigin tsufa, ya ninka kusan sau biyu.

To me ya kawo haka? Shekara da shekaru amsar da aka fi bayarwa mai sauƙi ce: wai jininsu ne, haka baƙin mutum yake. In kuwa haka ne, kin ga ashe mu ma abin ya shafe mu, tunda tushen ɗaya ne. Shi ya sa wasu masana suka ce bari a je tushen a duba.

Wani likita Ba'amurke, Richard Cooper, tare da ɗan Nijeriya Charles Rotimi da abokan aikinsu, suka auna jinin mutane sama da 10,000, duk 'yan asalin Afirka ta Yamma, da awo iri ɗaya. Suka auna a Nijeriya da Kamaru, suka auna a tsibiran Karibiyan irin su Jamaika inda aka sauke bayi da yawa, suka auna a wata unguwar baƙar fata kusa da birnin Shikago. Sakamakon ya fito a 1997. A Afirka ta Yamma mutum 16 cikin 100 ke da hawan jini. A Karibiyan 26. A Amurka 33. Jini ɗaya fa, amma duk inda aka matsa sai adadin ya hau, kuma yana hawa ne tare da ƙiba da yawan gishirin da ake ci.

Na biyun ya fi taɓa ni, don maganar ƙwaƙwalwa ce. A 1992 aka fara wani bincike tsakanin birnin Ibadan da birnin Indiyanafolis na Amurka, ƙarƙashin Farfesa Benjamin Osuntokun na Ibadan da Hugh Hendrie na can. Aka ɗauki tsofaffi masu shekara 65 zuwa sama, fiye da dubu biyu a kowane ɓangare, Yarbawa a nan, baƙar fatar Amurka a can. Ana yi musu tambayoyi iri ɗaya, ana komawa gare su har tsawon shekara biyar. Da aka buga sakamakon a 2001, sai ga shi a cikin kowane tsoho 1,000, wajen 13 ne ciwon mantuwa ke kamawa a shekara a Ibadan, a Indiyanafolis kuwa wajen 32. Tsohuwar Ibadan da ba ta da asibitin kirki ba ta da inshora, ƙwaƙwalwarta ta fi ta 'yar uwarta ta Amurka jimiri. Masu binciken ba su ce ga dalili guda ɗaya ba, amma sun lura cewa hawan jini da ciwon suga da kitsen jini sun fi yawa a can, kuma duk abin da ya lalata jijiyoyin jini yana taɓa ƙwaƙwalwa.

Irin wannan aka gani a wajen wata ƙabila ta asalin masu ƙasar, ana kiransu Pima. Iyaka ta raba su, wasu a jihar Arizona ta Amurka, wasu a duwatsun Meziko. Na Arizona manoma ne a da, sai baƙi suka karkatar da ruwan kogin da suke noma da shi, gonaki suka bushe, suka koma dogaro da fulawa da sukari da kitsen da gwamnati ke rabawa. Binciken da aka buga a 2006 ya samu ciwon suga a jikin mutum 38 cikin 100 na Arizona. Na Meziko da ke noma da hannunsu suna cin wake da masara, kusan 7 kacal.

Kada dai ki ɗauka gado ba ya taka rawa ko kaɗan. A 2010 an gano wata ƙwayar gado da ta yawaita a Afirka ta Yamma, wadda ke kare mutum daga wani nau'in ciwon barci da ƙudan tsando ke kawowa, amma wanda ya gaje ta ta uwa da ta uba ƙodarsa ta fi saurin lalacewa. Wannan gaskiya ne, kuma ya bayyana wani ɓangare na matsalar ƙoda. Amma ba zai bayyana bambancin Ibadan da Indiyanafolis ba. Can sai an duba irin rayuwar da mutum ya yi kafin furfura ta zo.

Ki ɗauki baƙar tsohuwa da aka haifa a 1940 a kudancin Amurka, yanzu ta haura tamanin. An haramta bauta tun 1865, amma lokacin da take yarinya doka ce ta ware mata makarantarta daban, famfon shan ruwanta daban, kujerarta a mota daban. Asibiti ma haka: wani ba ya karɓar baƙar fata sam, wani kuma sai a ɗakin ƙasa ko a baranda. Tana da shekara 24 aka yi dokar 1964 da ta haramta wariyar. Uwarta kuwa wataƙila aikatau ta yi a gidajen fararen fata. Da aka kafa tsarin fansho na ƙasa a 1935, an cire 'yan aikatau da 'yan ƙwadagon gona daga ciki, su ne kuwa kusan kashi biyu cikin uku na baƙar fata masu aiki a lokacin. Sai a shekarun 1950 aka shigar da su. Ke nan gidan da wannan tsohuwa ta tashi ba a tara komai ba, ba a bar mata gadon fili ko gida ba, kuma haƙorin da ya ruɓe ko zazzaɓin da ya yi tsanani tana ƙarama ba lallai ne likita ya gan su ba.

A 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan tsarin Medicare, wanda ke biya wa masu shekara 65 zuwa sama kuɗin asibiti. Gwamnati ta ce duk asibitin da ke ware baƙi da farare ba zai ga ko sisi ba. Cikin 'yan watanni a 1966 asibitoci fiye da 1,000 suka buɗe ƙofa ga kowa. Abin da wa'azi bai yi ba kuɗi ya yi. Amma ki lura, taimakon yana zuwa ne a shekara 65. Wanda hawan jini ya fara ci tun yana da talatin, ba ya da kuɗin ganin likita, kafin ya kai wurin ƙoda ta riga ta gaji.

Wata masaniya a Jami'ar Mishigan, Arline Geronimus, ta yi wa wannan abu suna a 1992. In za mu faɗe shi da Hausa sai mu ce zaizayewa. Kin san katangar ƙasa. Ruwan sama ɗaya ba ya kayar da ita. Amma damina ta zo ta wuce ba a yi yaɓe ba, wata ta zo ta wuce, rannan sai a wayi gari ta zube, a ce ai ruwan jiya ne. Ita ta ce haka jiki yake. Duk lokacin da mutum ya firgita ko ransa ya ɓaci, jiki kan zubo wasu sinadarai da ke sa zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau, sukari ya ƙaru a jini, don mutum ya samu ƙarfin gudu ko kare kansa. In abin ya wuce jiki ya koma daidai. To wadda kullum take cikin fargaba fa? Ɗanta ya fita ba ta san ko 'yan sanda za su tare shi ba, kuɗin haya ya zo, a wurin aiki ana yi mata kallon raini ba halin ta tanka, ga jikoki an bar mata riƙo. Jikinta ba ya samun saukowa. A binciken da Geronimus da abokanta suka buga a 2006, sun auna alamomin wannan gajiya a jini da jijiya, suka samu baƙar mace ce ta fi kowa ɗauke da su, kuma ko wadda ba ta cikin talauci ba ta tsira ba. Mu ma dai mun san magana ce ta gaskiya in aka ce baƙin ciki ya tsufar da wance.

Sai kuma maganar yarda da likita. Za ki ji ana cewa tsofaffin baƙar fata ba sa son zuwa asibiti, ba sa son allurar rigakafi, taurin kai gare su. Ni dai ba na saurin yanke musu wannan hukunci. A garin Taskigi na jihar Alabama, daga 1932 har 1972, hukumar lafiya ta gwamnati ta tara baƙaƙen maza 600, 399 daga cikinsu suna da ciwon tunjere. Ba a gaya musu abin da ke damunsu ba, aka ce musu ana yi musu maganin gurɓataccen jini. Ashe kallonsu kawai ake yi a ga yadda ciwon ke cin mutum. Ko da maganin fenisilin ya samu a shekarun 1940 an hana su. Wasu suka mutu, wasu suka shafa wa matansu, aka haifi 'ya'ya da ciwon. Sai a 1997 Shugaba Bill Clinton ya nemi gafara a madadin ƙasar. Tsohuwar nan tamu tana da shekara 32 asirin ya tonu. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya. Kuma abin bai tsaya a tarihi ba. A 2020 likitoci a Mishigan sun nuna cewa 'yar na'urar nan da ake maƙala wa a yatsa don auna iskar da ke cikin jini ta fi yin kuskure a baƙar fata, tana nuna lafiya lau alhali iskar ta yi ƙasa, kusan ninki uku na yadda take yi a farar fata. A tsakiyar korona ke nan, lokacin da da wannan awon ake tantance wanda za a ba gado.

Akwai wani abu da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai. Masu jin Sifaniyanci, duk da talauci da ƙarancin inshora, sun fi farar fata tsawon rai: kusan shekara 82 a lissafin 2019. An kawo dalilai. Ba su cika shan taba ba. Mai ƙarfi ne ke iya yin ƙaura tun farko. Wasu kuma in ciwo ya yi tsanani sukan koma garinsu su cika a can, ba a lissafa su. Amma ana kuma ambaton zaman iyali, kaka da jikoki a gida ɗaya, tukunya ɗaya. Wannan bai zama abin mamaki ba, don a 2023 babban likitan gwamnatin Amurka ya yi gargaɗin cewa illar kaɗaici ga lafiya ta yi kusa da ta shan karan sigari 15 a rana.

Wannan gargaɗi ya shafi iyayenmu da 'ya'yansu ke ɗauka su kai can, ko don renon jika ko don wai su huta. Niyyar mai kyau ce. Amma Hajiya da ta saba da sallamar maƙwabta da barka da ta'aziyya, sai ta samu kanta a gida a kulle tun safe, ɗa da suruka sun tafi aiki, jikoki ba sa jin Hausa, waje sanyi, ba ta san hanyar masallaci ba. In ta je asibiti ɗanta ne tafinta, kuma ke kin san akwai ciwon da uwa ba za ta iya faɗa a gaban ɗanta ba, sai ta ce ai da sauƙi. Asibitocin da ke karɓar kuɗin gwamnati a can wajibi ne su samar da tafinta kyauta, a nemi mace in da hali. A kuma sani, Medicare ɗin nan ba ya rufe baƙon da ya je ziyara. Wanda ke samun gadon asibiti kyauta a tsarin shi ne wanda ya yi aikin shekara goma yana biyan haraji a ƙasar, ko matarsa. Kwana biyu a asibitin can babu inshora na iya cinye abin da aka tara a shekara. Don haka in za a tafi da tsohuwa, a yi maganar inshora da magungunanta kafin a yi maganar tsaraba.

To an samu abin da ya yi aiki? An samu. A birnin Los Anjeles, wasu likitoci sun lura baƙaƙen maza ba sa zuwa asibiti amma ba sa fashin zuwa aski. Sai suka haɗa kai da shagunan aski 52. Mai aski ya ja hankalin mutuminsa, masanin magunguna ya zo shagon ya auna shi ya daidaita masa magani a nan inda yake zaune. A sakamakon da aka fitar a 2018, cikin wata shida awon jininsu na sama ya sauka da maki 27, abin da asibitoci da yawa suka kasa. Maganin dai shi ne wanda aka sani. Abin da ya canza, an kai shi inda mutum ya saba, ta bakin wanda ya yarda da shi. A Indiyanafolis ma, da aka sake ɗaukar sabon rukunin tsofaffi a 2001, an samu ciwon mantuwa ya ragu a kan na rukunin 1992. Su waɗannan sun fi samun karatu, kuma an fi yi musu maganin hawan jini da suga.

Yanzu mu dawo gida, don in gemun ɗan uwanka ya kama da wuta sai ka shafa wa naka ruwa. Adadin nan na 16 cikin 100 na 1997 ne, ya zama tarihi. Ƙididdigar da aka yi wa 2020 ta nuna kusan mutum uku cikin goma na baligan Nijeriya suna da hawan jini, kuma da yawa ba su sani ba. Hanyar da 'yan uwanmu na ƙetare suka bi ita muka kama: lemon kwalba, taliyar leda, magi huɗu biyar a miya ɗaya, ga zama wuri ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin magi da burodi da kilishi. Kanwa ma 'yar uwar gishiri ce ta wannan fanni, mai hawan jini ta yi hankali da ita. Ke ce mai ludayi, wannan a hannunki yake. Ki rage kaɗan-kaɗan, ki ƙara daddawa da citta da tafarnuwa, cikin 'yan makonni harshe zai saba, maigida ma ba lallai ya lura ba.

Hawan jini ba ya sallama. Sau da yawa ba ciwon kai ba jiri, sai dai a ji an ce Inna ta faɗi a banɗaki ɓarin jiki ya shanye. Awo ne kaɗai ke tona shi. Mu da ba mu cika fita ba, darasin shagon aski namu ne: in Inna ba za ta je awo ba, awo ya zo wurin Inna. Na'urar awon jini mai batir ana sayar da ita a kemis, 'yarki 'yar sakandare za ta iya koyon aiki da ita a zama ɗaya. Ku roƙi maigida, ko ku yi adashi a saya wa gidan, ko a nemi ma'aikaciyar lafiya ta unguwa ta riƙa leƙowa ranar da mata ke haɗuwa a Islamiyya. A zaunar da ita ta huta minti biyar kafin a auna. In an ga 140 a sama ko 90 a ƙasa a ranaku daban-daban, sai asibiti. In an ba da magani kuma, ba a dainawa don an ji sauƙi, sai da izinin likita.

In kuma Goggo ta fara manta sunan jikokinta, tana cewa an sace mata kuɗi, tana fita da dare tana neman gidan ubanta da aka rushe tun tuni, don Allah kada a bari yaran unguwa su fara kiranta mayya, kada kuma a kulle ta a ɗaki ita kaɗai. Ciwo ne a ƙwaƙwalwa, irin wanda aka ƙirga a Ibadan da Indiyanafolis. A kai ta likita ya duba, don wani ruɗewar ma daga ciwon fitsari ne ko ƙarancin ruwa a jiki ko wani maganin da take sha, kuma irin wannan yana warkewa. Wanda ba ya warkewa ma ana samun sauƙinsa in an kula da jininta da sukarinta, ana zama da ita ana hira, ana ba ta 'yar tsintar shinkafa ko ɓarar gyaɗa ta riƙa motsa hannu.

Lokaci ya ƙure mana. Mai tambaya kan awon jini ta aiko da saƙo, za mu gayyato ma'aikaciyar jinya ta amsa a shiri na gaba in Allah Ya kai mu. A gaishe min da su Inna.